Zane da Kiɗansa: Yadda Ake Ɗaura Su, da Yadda Ake Hana Su Rabuwa

Bayan rasuwar kawuna, muka buɗe adakar da ya bari a ɗakinsa na Chikaji, a Zariya. A sama akwai zane guda bakwai a kan takarda mai kauri, duk na Sabon Gari: tashar jirgin ƙasa, mahauta a bakin aiki, wata mai fura ta sauke ƙwaryarta a gindin mangwaro. A ƙasansu kaset huɗu ne, babu ko ɗigon rubutu a jikinsu. Da ƙyar muka samo rediyo mai cin kaset, muka kunna, sai ga gurmi da kalangu suna wani kiɗa da ba mu taɓa ji a ko'ina ba. Gwaggo ta tuna cewa shi da wani amininsa makaɗi suka yi aikin tare, kowane zane da kiɗansa. Amma wane kiɗa ne na wane zane? Makaɗin ya riga kawu tafiya. Takarda ta tsira daga gara, kaset ya tsira daga zafi, igiyar da ta ɗaura su ce ta bi masu ita.

Ba a gidanmu aka fara irin wannan asara ba. A shekarar 1874 wani makaɗin ƙasar Rasha, Modest Mussorgsky, ya je nunin zane-zanen abokinsa Viktor Hartmann, wanda ya rasu a 1873, ya dawo ya tsara wa wasu daga cikinsu kiɗa. Har yau ana kaɗa wannan kiɗa a duniya, amma da yawa daga zanen sun ɓace, wasu ma ba wanda ya san kamanninsu. Can a Legas kuwa, Lemi Ghariokwu ya zana wa Fela Kuti bangon faifai 26, kuma duk suna tare da kiɗansu, domin tun ranar farko a kwali ɗaya aka sa su.

Darasin ke nan, kuma shi ne ƙashin bayan wannan jagora. Duk wanda zai haɗa zane da kiɗa, abu uku zai yi: zanen, sautin, da shaidar da ke cewa wannan na wannan ne. Na ukun ya fi sauƙin yi, shi ne kuma yake fara ɓacewa.

Zariya ta isa a yi wannan aiki a cikinta. Nan ne Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, nan ne magina suka ƙware wajen ƙawata fuskar zaure. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suna kira da a haɗa gadon gida da dabarar da aka koyo a aji, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. David Ames ya ɗauki kiɗan Zazzau a farkon shekarun 1960, shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971. David Heathcote, wanda ya koyar a Samaru, ya tattara kayan fasahar Hausa ya baje su a Landan a 1976. Ɗaya ya adana abin kunne, ɗaya ya adana abin ido. Abin da ya rage mana shi ne mu ajiye su a ɗaki ɗaya.

Zaman farko

Kafin a taɓa buroshi ko a ɗaure kalangu, mai zane da makaɗi su zauna su yanke wane ne zai yi gaba. Hanya uku ce. Ko dai zane ya riga, makaɗi ya zo ya amsa masa. Ko kiɗa ya riga, mai zane ya yi ta saurare har hannunsa ya kama. Ko su taso tare, wannan ya kawo zayyanar farko, wancan ya kawo 'yar karin da ta faɗo masa, su yi ta gyara wa juna. Ga masu farawa, ta farkon ta fi sauƙi, domin zane yana tsaye wuri ɗaya, ana iya komawa gare shi sau ɗari.

Idan ita kuka zaɓa, a bar makaɗi da zanen kwana biyu ko uku a inda yake kwana. Kada mai zane ya yi masa dogon bayani. Ya gaya masa wurin da aka zana, da lokacin, da abin da ya sa ya tsaya ya zana shi, sannan ya yi shiru. Makaɗin da aka cika wa kunne da bayani, bayanin zai kaɗa, ba zanen ba.

Karanta zane da kunne

Akwai abubuwa huɗu da makaɗi zai nema.

Na farko maimaici. Ku dubi dagi a jikin bango ko a gaban babbar riga: zare ne da ke shiga yana fita, ba ka ganin inda ya fara balle inda ya ƙare. Irin wannan zane yana son kiɗa mai zagayowa, wanda ƙarshensa ke komawa bakin farkonsa. Aska takwas kuwa tsini ne ke sauka a jere, kowane da tsawonsa, sai a nema masa bugu mai yankewa.

Na biyu fili. Inda mai zane ya bar takarda fara, makaɗi ya bar shiru. Sababbin makaɗa sukan ji tsoron shiru, musamman masu aiki da fiyano a situdiyo, inda ƙara wani sauti bai wuce danna maɓalli ɗaya ba. Zanen da ke da mutum ɗaya a tsakiyar fage, sarewa ɗaya ko gurmi ɗaya ya ishe shi.

Na uku hanyar da ido ke bi. Ku tsayar da mutum uku gaban zanen, ku tambaye su abin da suka fara gani da abin da suka gani daga baya. Yawanci za su yi kusa da juna. Wannan jeri shi ne tsarin kiɗan: mabuɗi, tsakiya, marufi.

Na huɗu lokaci da yanayi. Hasken hantsi a damina daban yake da na la'asar a cikin hazon hunturu, kuma kunnen Bahaushe ya san bambancin kiɗan dandali da na daren da gari ya yi tsit.

Kada kiɗan ya yi tsawo. Mai kallo a tsaye yake. Minti biyu zuwa huɗu sun isa ga zane ɗaya.

Kowane kiɗa da mai shi

A ƙasar Hausa kayan kiɗa suna da dangi. Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, gangar noma ta manoma, shantu da ƙwarya na mata a cikin gida, kakaki da tambari na sarauta. Mai sauraro yana jin wannan ko bai faɗa ba. Idan aka zana maƙeri a gaban zuga-zuginsa aka sa masa dundufa, an kai shi gida. Idan aka busa wa mai shayi kakaki, to an yi magana, kuma dole ne ya zama maganar da kuka yi niyya ce.

Abu biyu zan ja kunne a kansu. Zayyanar allo da duk wani zane mai ɗauke da ayar Alƙur'ani, ba a sa musu kiɗa. A bar su da alfarmarsu. Sannan sabon kiɗa ake nema, wanda aka haifa domin wannan zane. Kada a ɗebo amshin Mamman Shata ko karin kuntigin Ɗan Maraya Jos a canza masa riga a ce sabo ne, kada kuma a ɗauki taken wani gida ko wata sarauta a liƙa wa wanda ba nasa ba. A koyi hannu daga magabata, a kawo nasa.

Ɗaukar sauti

Wanda ya zauna a Chikaji ya san abokan gabar makirufo: babura, injin niƙa, janareton maƙwabci, rufin kwano idan ruwa ya sauko, da ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke shawagi a kan garin da rana. Saboda haka lokacin ɗauka shi ne bayan isha, idan gari ya lafa. Ku nemi ɗaki mai silin, ko na ƙasa mai kaurin bango. Ku jingina katifa a bango biyu, ku rataya bargo a taga, ku shimfiɗa tabarma da darduma. Ku tafa hannu sau ɗaya: idan ɗakin ya amsa muku, ƙara tufafi.

Ku kula da kayan kiɗan. Fatar kalangu takan yi sanyi a damina, sai an shanya ta a rana ko an ɗan gasa ta nesa da wuta. A hunturu kuwa takan ɗaure fiye da kima. Mai goge ya shafa wa izgarsa ƙaro kafin a fara. Makirufo ya tsaya kamu ɗaya ko biyu daga kalangu, ya matso kusa da gurmi domin muryarsa ƙarama ce. Ku sa makaɗi ya yi bugunsa mafi ƙarfi, ku duba ma'aunin na'ura: kada ya taɓa ja. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi daga baya, wanda ya fashe ba shi da magani.

A ɗauka da tsarin WAV, a kan 48 kHz da bit 24 ko sama da haka, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da masana adana sauti suke yarda da shi. Minti ɗaya yakan ci kusan megabait 17, wato kiɗan minti biyar bai kai megabait 90 ba. Ko da wayar hannu za ku ɗauka, ku sa mata manhajar da ke iya WAV. MP3 na rabawa ne, domin yana zubar da wani sashe na sautin don fayil ya yi ƙanƙanta, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa.

Ga dabarar da ta fi kowace amfani a wannan jagora. Da zarar an danna ɗauka, kafin sanda ta taɓa fata, wani ya yi shela da baki: yau ranar kaza ga watan kaza, shekara kaza, a Chikaji, wannan kiɗa na zane mai lamba kaza ne, wanda ke nuna abu kaza, wane ya zana, wane ya tsara kiɗa, wane ke kalangu, wane ke amshi. Shelar nan ta zauna a jikin uwar ɗauka har abada. A yanke ta a kwafin da za a kunna wa jama'a kawai. Da kawuna ya yi wannan magana ta daƙiƙa ashirin, da yau mun san kiɗan mai fura.

Idan an yi aikin a situdiyo, kada ku fito da haɗaɗɗen kiɗan kaɗai. Ku karɓi sautin kowane abin kiɗa daban, a ranar, kafin a share kwamfutar don aikin wani.

Ɗaukar hoton zane

A fitar da zanen inuwa da hantsi, inda haske ya wadata amma rana ba ta dukansa. A kashe walƙiyar kyamara. A cire gilashi idan yana cikin firam. Kyamara ta fuskanci tsakiyar zanen sak, a kan abin da ba ya motsi. A ajiye farar takarda da rula a gefe, domin wanda zai duba nan gaba ya gane ainihin launi da girma. A ɗauki gaba ɗaya, a ɗauki sassa kusa da kusa, a juya a ɗauki baya. A ajiye uwar hoton da tsarin TIFF, ko aƙalla JPEG mafi girma da na'urar ke iyawa, ba tare da an taɓa shi ba.

Hoto na ƙarshe: mai zane da makaɗi su tsaya gefen zanen, makaɗi riƙe da abin kiɗansa, mai zane riƙe da takarda mai lambar aikin da manyan baƙaƙe.

Kada a tura uwar hoto ko uwar sauti ta WhatsApp a matsayin hoto ko saƙon murya, domin matse su yake yi. A tura a matsayin fayil, ko a kwafa ta waya daga na'ura zuwa na'ura.

Takardar ɗauri

Kowane aiki a ba shi lamba ɗaya, misali CHK-2025-01. Lambar nan ta bayyana a wuri biyar: a bayan zanen, a cikin shelar baki, a sunan fayil ɗin sauti, a sunan fayil ɗin hoto, da kan takardar ɗauri. A bayan zanen takarda da fensir ake rubutawa, a hankali, domin tawadar biro takan ratsa ta ɓullo ta gaba. Idan ƙyalle ne, a rubuta a jikin katakon da aka ɗaure shi. A sunan fayil ku guji ɓ da ɗ da ƙ, saboda wasu na'urori sukan mayar da su shirme. A cikin takardar kuwa ku rubuta Hausarku daidai.

Takardar shafi ɗaya ce. Ta ƙunshi sunan aikin, da sunayen duk wanda ya sa hannu har 'yan amshi, da kwanan wata da wuri, da girman zanen da irin fenti ko tawadar da aka yi shi da ita, da tsawon kiɗan da kayan da aka kaɗa. Idan akwai waƙa a rubuta baitocinta duka. A ƙara layi biyar ko shida daga bakin kowannensu a kan abin da ya nufa. Sannan a faɗi yadda ake so a nuna aikin: da lasifika ko da abin sawa a kunne, kiɗan ya yi ta zagayowa ko sai mai kallo ya kunna. A buga kwafi uku a takarda, a sa ɗaya a ambulan a bayan firam.

Lambar QR a gefen zane tana da amfani ranar nuni, amma ba ajiya ba ce. Nuni kawai take yi zuwa wani shafin intanet, ranar da shafin ya rufe ta zama ado.

Haƙƙi tun ana shiri

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare zane da tsarin kiɗa har shekara 70 bayan rasuwar mai su, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. In ban da gado, mallaka ba ta komawa hannun wani sai a rubuce. Wanda ya sayi zane ya mallaki takarda ko ƙyallen, bai mallaki kiɗan ba, sai in an rubuta haka. Don haka ku rubuta tun zumunci na da daɗi: wa ke da me, yaya za a raba idan kuɗi suka shigo, ko makaɗi zai iya fitar da kiɗan shi kaɗai, ko wanda ya sayi zanen zai tafi da kwafin sautin. Ku sa hannu gaban shaidu biyu. Yawancin ayyukan haɗin gwiwa da suka watse, ba gara ce ta ci su ba, rashin wannan takarda ne.

Ranar nuni

Idan zane da yawa ne a ɗaki ɗaya, kowane da lasifikarsa, hayaniyar kasuwa za a samu. Ko dai a sa wa kowane zane abin sawa a kunne, ko a zagaya da masu kallo rukuni-rukuni, a kunna ɗaya bayan ɗaya. Lasifika ta zauna ƙasan zanen ko bayansa, domin sautin ya zama kamar daga cikinsa yake fitowa. Idan da hali, makaɗin ya zo ya kaɗa da hannunsa ranar buɗewa, a ɗauki bidiyon wannan ma a haɗa a cikin ajiya. An ce gani ya kori ji. A wannan ɗaki aikinku shi ne ku hana ɗaya korar ɗaya, don haka kada ƙarar ta kai inda mutum zai manta da abin da ke gabansa.

Ajiyar zane

Maƙiyan zane a ƙasarmu sanannu ne: rana, laimar damina, ƙurar hunturu, gara, kyankyaso da ɓera. Kada a rataya shi inda rana ke faɗowa ta taga, ko a bangon da ke tsotsar ruwa, ko kusa da madafa. A bar ɗan fili tsakaninsa da bango. Zanen takarda a kwantar da shi a shimfiɗe, da farar takarda mai kyau tsakanin kowane biyu, ba jarida ba, domin jarida tana ja ta kuma ɓata abin da ta taɓa. A sa a akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin a kan benci, kada ya taɓa ƙasa. Kada a naɗe shi a leda da damina, gumi zai yi ya yi fumfuna. Kada a manna masa salatif. Kada kuma a kai shi a yi masa lamineshin: zafi da gam suna kama takardar, ba a kuma iya cire su. Idan dole ne a naɗe zanen ƙyalle, fenti ya kalli waje, a kan bututu mai kauri.

Ajiyar sauti da hoto

Ƙa'idar masu adana kaya ita ce kwafi uku, a kan irin ma'aji biyu, ɗaya a wani wuri daban. A aikace: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun ajiya na waje da ake jonawa a cire, ɗaya a ma'ajiyar intanet ko a gidan ɗan'uwa a Samaru ko Tudun Wada. Gobara ko ɓarawo ba sa zaɓar akwati. Filas da memori na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba na ajiyar shekaru ba. Faifan CD da aka ƙona a shago yakan lalace ko ba a taɓa shi ba. Rumbun waje ma a sauya shi duk bayan shekara huɗu ko biyar, tun yana da lafiya.

Mai tsohon kaset ya ɓalle 'yar maƙalar da ke samansa don kada a yi ɗauka a kai bisa kuskure, ya nisanta shi da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta, ya ajiye shi a tsaye. Kada ya jira. Tun 2019 UNESCO ta yi gargaɗi cewa na'urorin kunna kaset suna ƙarewa a duniya. A juye shi zuwa WAV yanzu, a kuma ci gaba da riƙe kaset ɗin.

Ku sa wa kanku ranar dubawa. Ƙarshen damina ya dace, kuma 27 ga Oktoba ita ce ranar da UNESCO ta ware don gadon sauti da hoto. A ranar a buɗe akwati ya sha iska a inuwa, a duba alamar gara, a kunna kowane fayil daga farko har ƙarshe, a rubuta kwanan wata a bayan takardar ɗauri.

Ajiya maganin wata rana. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018, da hotonsa da sautinsa. Ya dawo ne domin an ajiye shi a hannun hukumar da ta fi mutum ɗaya tsawon rai. Ku ma idan aikinku ya taru, ku je ku yi magana da Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, ko Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa da ke Jos, ku ji sharuɗɗansu na karɓar kwafi. A gida kuma ku gaya wa mutum biyu inda komai yake, ku bar musu kalmar sirrin ma'ajiyar intanet a rufaffen ambulan.

Zane bakwai na kawuna suna nan a akwatin ƙarfe, kaset huɗun mun juye su. Na ba kowanne lamba, na rubuta abin da gwaggo ta tuna da bakinta, da ranar da ta faɗa. Gurbin da ke cewa wane kiɗa ne na wane zane na bar shi fari, domin ba ni da ikon cika shi. Ku da kuke da mai zane da makaɗi a raye, gurbinku bai zama dole ya zauna fari ba. Ku juya zanen yau, ku ɗauki fensir, ku kira makaɗin ya zo ya faɗi sunansa a gaban makirufo.